Yadda Na Fassara Wa Inna “Probably”

Shekarar da sojoji suka sauka daga mulki ina koyar da Turanci a wata sakandare a Katsina, ni ke karanta wa gidanmu duk takardar da ta zo da boko. Yayana soja ne, an tura su wata ƙasa aikin kwantar da tarzoma. Matarsa da 'ya'yansa biyu suna zaune tare da Inna, mahaifiyarmu, a unguwar Kambarawa.

Wata biyar kafin a miƙa mulki wasiƙa ta iso daga wani abokin aikinsa ɗan kudu. Ya rubuta cewa an yi musu kwanton ɓauna a bakin wani kogi, ya ga Yaya ya faɗi, da suka koma ba su same shi ba. Layin ƙarshe: He is probably dead.

A zaure na karanta, gaban Kawu, ƙanen Inna, da limamin unguwa. Inna tana tsaye daga soron ciki tana ji. Na san kalmar sarai. Sau nawa na rubuta ta a allo, na ce wa ɗalibai ta fi wataƙila nauyi amma ba ta kai tabbas ba.

Liman ya ce, “Malam, ka lura da kyau. In ɓata ya yi, hukunci daban, in rasuwa ce, daban. Mi takardar ta ce?”

Na yi tunanin mutum ba zai iya rubuta wa uwa ɗanta ya mutu kai tsaye ba, sassautawa kawai mai wasiƙar ya yi. Na kuma ji tsoron Inna ta ƙare rayuwarta tana leƙen ƙofa. Na ce, “Ya rasu.”

Aka yi zaman makoki. Matarsa ta shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Inna ta ba da tufafinsa sadaka har hulunan.

Bayan rantsar da farar hula aka fara dawo da sojoji gida. Wata Asabar da hantsi, an ɗauke ruwan sama ke nan, ina zaure ina duba jarrabawa, sai tasi ta tsaya. Wani ramammen mutum ya fito yana dogara sanda, ya yi sallama. Muryar na gane kafin fuskar. Alƙalamin ya faɗi daga hannuna. Yaya ya wuce ni ya shiga ciki.

Ihun matarsa na fara ji. Na tarar da ita ta ja da baya ta manne da bango tana salati, Inna kuwa a zaune a ƙasa cikin jiƙaƙƙen tsakar gida, ta riƙe ƙafarsa mai ciwon. Ƙaramar 'yarsa ta ruga ɗaki ta ɓuya.

Ashe masunta ne suka tsince shi, ya yi jinya a ƙauyensu wata da watanni. Da ya nemi rigar sauyawa aka rasa, sai tawa na kawo masa, ta yi masa yawa.

Bayan la'asar ya ce a ba shi wasiƙar. Turancinsa na bariki ne, ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya ɗago.

“Ai bai ce na mutu ba.”

Inna ta juyo ta dube ni. “Dama akwai sauran zato a ciki, ka hana ni? Sama da wata biyar ina yi mashi addu'ar matattu.”

Yaya ya ce a bar maganar, Allah ne ya ƙaddara. Matarsa kuwa ta fi shekara in na shigo gidan sai ta tashi ta shige ɗaki, sai daga can ta amsa gaisuwata.