Ɗakin Da Na Jawo Zuwa Ƙofar Gidan Baffa

Ko tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zai iya kwashe ranar da na jawo ɗaki sukutum a bayan mota, tun daga Karaye har ƙauyenmu da ke wajen Falgore a ƙasar Rogo. An kwana biyu da yin abin, amma har yau in na tuna sai kunyar ta dawo mini sabuwa fil.

Baffa, ƙanen mahaifina, shi ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida da mahaifina ya rasu, kuma shi ne mai unguwar ƙauyen. Da na samu aiki a Karaye na yi iyali, duk kaka sai in kwashi matata da yara uku mu je mu yi masa kwana uku. Su sukan cunkusu a ɗakin Inna, matar Baffa. Shi kuwa sai ya ɗauki buzunsa da butarsa ya koma zaure, ya bar mini ɗakinsa. Nakan ce wa mutane tausayin tsohon nan yana damuna. Gaskiya ne, amma rabinta na faɗa. Ɗaya rabin, gadon karan nan nasa ne da ke sa in tashi da ciwon baya, ga sauro, ga ruwan rijiya da cikina ya daina sabawa da shi tun da na zama ɗan birni. Birnin Karaye fa!

Ana nan sai na ga wani bidiyo a waya, Turawa suna jan ɗan ɗaki mai taya a bayan mota, duk inda suka ga dama su tsaya su kwana. Na ce to, ga maganin matsalata. Na samo ƙafafun baya na wata matacciyar akori-kura wajen wani bakanike, na kai wa wani mai walda a bakin kasuwa, na zana masa abin a ƙasa da tsinke. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Malam, awaki za a riƙa ɗauka ko shago za a buɗe?" Na ce masa iyali za su kwana a ciki. Ya ce, "Allah ya kyauta," ya ɗauki ma'auninsa.

Wata biyu muka yi muna fama. Muka ɗaga shi sama sosai, muka sa manyan tayoyi saboda yashi da kwazazzaban hanyarmu. Muka rufe shi da kwano, na sa katifa da gidan sauro, da 'yar tukunyar gas, da jarkoki huɗu na ruwa, har da farantin sola mai juya fanka. A gefe ga tamfol da ake ja ya zama rumfa. Na shafe shi da koren fenti, na koma gefe na riƙe ƙugu ina jin kaina wani injiniya. Matata ta leƙa ciki ta fito, ta ce, "Abban yara, Baffa ya san da wannan?" Na ce ai mamaki zan ba shi. Ta ce, "Zai kuwa sha mamaki." Na yi kunnen uwar shegu da ita.

Ranar tafiya addu'ata ɗaya ce, kada waldar ta ɓalle a hanya. Allah kuwa ya amsa, ko ƙusa ba ta motsa ba. Muka ratsa yashi, muka tsallaka rafi, abin nan yana biye da mu tiryan-tiryan. Yanzu da na yi hankali nakan ce da ma ya karye tun a Yammedi, kafin mu yi nisa da Karaye, da na huta.

Bayan azahar muka isa. Mutane suna ta ɓarar gyaɗa a gindin ɗorawa, duk suka watsar suka yo kanmu. Na tsaya daidai ƙofar gidan Baffa, na ja rumfa, na kunna fanka, ina ta bayani ba wanda ya tambaye ni. Matata kuwa ta ja yaranta ta shige cikin gida ko waiwaye ba ta yi ba. Baffa ya fito da fara'arsa, na durƙusa muka gaisa, sannan na miƙe na fara baje koli. "Baffa, bana ba sai ka bar ɗakinka ba. Ga makwancinmu, ga abincinmu, har ruwan shanmu mun taho da shi." Ya tsura wa jarkokin nan ido. "Har ruwa?" Na ce, "Har ruwa, Baffa." Ya ce, "Madalla," ya juya ya shiga gida. Ni kuwa gogan naka na ɗauka yabo ne.

Da aka idar da la'asar ina zaune a rumfata, sai ga Baffa ya sha babbar riga da rawani, liman da wani dattijo suna biye da shi, jama'a kuma a bayansu. Ya tsaya nesa kaɗan ya yi sallama. "Sannu da zuwa, baƙo. An zo lafiya? Ya hanya? Ya aka baro mutanen gida?" Na yi dariya, na duba na ga ni kaɗai nake yi. Ya ci gaba, "Al'adar garin nan, duk baƙon da zai kwana sai mai unguwa ya san daga ina yake, kuma wane ne mai masaukinsa." Na ce, "Haba Baffa, ni ne fa!" Ya ce, "Na dai ga kama. Ina da ɗa a Karaye, amma shi in ya zo cikin gida yake shiga, ruwan randarmu yake sha." Ya juya ga liman, "Malam, ko kai ka sauke shi?" Liman ya ce, "Ranka ya daɗe, ban san da zuwansa ba." Baffa ya ce, "To a nuna masa fili can bayan gari, inda masu sayen gyaɗa suke sauka."

Wallahi fankar nan tana juyawa a kaina, amma gumi ya karyo mini har cikin takalmi. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na sulale na shiga gida wajen Inna neman ceto. Ta kama hannuna ta kai ni ɗakin Baffa ta ɗaga asabari. An yi sabon yaɓe, an daɓe ƙasan da siminti, gadon kara babu shi, ga gadon katako da katifa ko ledarta ba a cire ba. Ta ce, "Bara ya ga kana dafe baya da safe. Yau kwanansa goma a zaure, wai kada ya taka simintin kafin ɗansa ya zo." Nan hawaye ya zubo mini.

Na same shi a zaure ya cire rawanin. Na zube na ce, "Baffa, ka yafe mini. Wahalarka na guda." Can ya ce, "Ɗan nan, na daina iya noma maka, na daina iya goya ka, ba ka bukatar ko sisina. Abin da ya rage mini ke nan, in bar maka ɗaki sau ɗaya a shekara. Shi ma za ka karɓe?" Sannan ya ɗaga murya ya ce a kawo mini ruwa. Na shanye kwanon nan tas.

Ɗakin nawa a can na baro shi. Aka cire kwanon rufin, aka ɗaura wa shanun huɗa ɗakin, ya zama amalanken jigilar gyaɗa, kuma kowa ya shaida waldar ta yi kyau. Ni dai abin da na koya, ba kowace wahala ake ɗauke wa tsoho ba. Wadda yake sha dominka, ita ce take shaida masa cewa har yanzu shi uba ne. In ka raba shi da ita don ka hutar da shi, ka ce masa ba ka bukatarsa ke nan.