Gaiwar Cibiyar Tafki

A ƙauyenmu, can wajen Ɗanzomo, ba mu san kogi ba. Tafki ɗaya ne da mu, mu da wasu ƙauyuka biyu, shi ma da rani ƙafewa yake yi. Kifinsa gaiwa ce, wadda idan ruwa ya janye take nutsewa cikin laka ta kwanta, ba ci ba sha, sai damina ta tashe ta. Da rani maza kan fita da dagi su tono ta. Amma gefe kawai ake tonawa. Tsakiyar tafkin, da muke ce wa cibiya, iri ce, kamar damin geron da ake warewa don shuka.

A bakin kakata na fara jin dalilin wannan doka, Iya Tabawa, uwar mahaifina. Ina ɗan shekara bakwai ko takwas, lokacin da ake ta zancen Nasara na kafa iyaka wajen Maigatari. Da sanyi, in an ci tuwo, takan hura wutar kara a ƙofar ɗakinta, ta miƙe ƙafa, mu jikoki mu kewaye ta. Mace ce mai mita. Sai ta yi mitar gwiwa, ta yi ta hayaƙi, ta yi tamu, kafin mu samu komai.

"Kai angona, matsa can, ka tare mini wuta. Miji ba cefane sai cin wuri. To, ga ta nan, in kunnuwanku na kusa."

"Ta zo mu ji ta, Iya."

Wai garuruwa uku ne da tafki ɗaya. Suka yi rantsuwa ba mai taɓa cibiya, kowane gari ya ba da mai gadi. Ran nan mai gadin garin farko ya ga sawun mutum a cibiya. Makiyayi ne ya ratsa yana neman akuyarsa, amma mai gadin bai tsaya tambaya ba, ya ruga gida ya ce an riga su. Mutanensa suka ce ai ba za a yi rabo babu su ba, suka tono goma. Gari na biyu suka ga ramuka goma, suka tono goma don a yi daidai. Na uku suka ce tunda su aka bari a baya, sai da ƙarin biyar na ban haƙuri. Haka aka yi ta daidaitawa har dagi ya kai kan uwar gaiwa. A nan Iya kan matse murya ta ce, "Ku cinye ni, ba komai. Amma wa zai haifa muku ta baɗi?" Damina ta zo, tafki ya cika maƙil, ba kowa ciki sai kwaɗi.

"Ƙurunƙus. Ku tashi mini, bayana ya gaji."

Mu dai muryar gaiwar ce ke ba mu dariya. Ni na ɗauka labarin haɗamammu ne, kuma ban ga haɗamamme a gidanmu ba.

Ina saurayi aka yi farin da ya kashe gero a tsaye. Rumbuna suka ƙare tun rani bai raba ba, gefen tafki kuwa an tone shi kamar gonar gyaɗa. Dattawan ƙauyukan uku suka zauna a gindin tsamiya, yini biyu ana ja-in-ja. Daga ƙarshe aka kafa turaku aka kewaye cibiya, aka ce gadi bi da bi, kowane ƙauye kwana bakwai. Aka shafa fatiha.

A lokacin Iya ta kwanta. Ƙafafunta sun kumbura, kunun dusa ba ya zama a cikinta. Da gadi ya faɗo kaina, da tsakar rana, kowa ya fake a inuwa, na tsallaka turakun nan da dagina. Sai na ga facin laka nan da can, inda wasu suka tona suka mayar. Allah ya yafe mini, daɗi na ji. Na tono biyu, na shafe ramin yadda suka shafe nasu.

Mahaifiyata ta yi romo. Iya ta sha, ta suɗe ƙoƙon, sannan ta dube ni.

"Angona, gefe ai ya ƙare tun wancan watan."

Na sunkuyar da kai. Sai ta miƙo mini ƙoƙon.

"Akwai saura?"

Na ce akwai. Sau huɗu na koma kafin kwanakinmu su cika.

Iya ta tashi, har ta ƙara shekara shida a duniya. Ta ci gaba da yi wa ƙannena tatsuniya, amma in suka roƙi ta gaiwa sai ta ce ta manta. Tafki kuwa ya cika a daminar da ta biyo farin, aka jira, aka jira, ba a ga ko motsin gaiwa ba. Har yau.

Yanzu na tsufa, an sha kira na zaman sulhu, yau kan rijiya, gobe kan burtali, kuma wallahi na gaji. Kowa kan zo da dalilinsa, dalilin kuma gaskiya ne. Haɗamammu kaɗan na gani. Masu majinyaci a ɗaki su ne da yawa. Jikokina ba su san ɗanɗanon gaiwa ba, kuma ina cikin waɗanda suka hana su. Abin da ya fi damuna shi ne, da za a mayar da ni wannan rana, Iya a kwance, na san tsallakawa zan sake yi.