Takunkumin Kamanja

Har gobe ban manta da ranar da aka rataya baƙin labule a zauren Aziziyya ba, aka ce yaranmu su shiga bayansa ɗaya bayan ɗaya su yi kiɗa a ji. Ku da kuka kama aiki da wannan firƙa, wato ƙungiyar kiɗan nan tamu, bayan ta samu na'urar sanyaya ɗaki da suna a bango, kullum kuna wucewa ta gaban akwatin gilashin nan na bakin ƙofa. Kwanan baya na ji ɗayanku yana gaya wa baƙo wai abin da ke ciki tsohon mataji ne. Ba mataji ba ne. Ni na sassaƙa shi da hannuna, don haka ku zauna in gaya muku ko mene ne.

Ga wanda bai sani ba, sunana Lawali, kuma kafinta ne ni tun kafin in san akwai wani abu wai shi kamanja. Da Umra na zo Jidda, na zauna ina aikin ƙofofi da tagogi a wata warsha, wato shagon kafintoci, a unguwar Khumra. A can Ustaz Bukari ya same ni. Haifaffen Jidda ne, kakansa ya taho aikin Hajji da ƙafa daga ƙasar Hausa bai koma ba. Ya yi aikin akawu a tashar jiragen ruwa, inda wani abokin aikinsa ya koya masa kamanja, wato gogen nan mai tsirkiya huɗu da ake tokarewa a ƙarƙashin haɓa. Wata rana ya kawo mini wadda wuyanta ya tsage, na gyara masa. Daga nan na zama mai gyaran kayan kiɗa ba tare da an tambaye ni ko ina so ba.

A wancan lokacin kiɗa ba abin fitarwa fili ba ne. Maƙwabci zai iya kai ƙara a rufe wuri, a kira kafilin mai wurin, wato ɗan ƙasar da ya tsaya masa, ga shi da yawa daga iyayen yaran iƙamarsu, takardar izinin zama, ba ta son a ƙura mata ido. Amma Ustaz ya gaji da ganin yaran unguwa suna gararamba da yamma, sai ya fara tara su a cikin wani sito bayan la'asar. Ya koya musu karanta rubutun kiɗa, da riƙon izga, da sauraron na kusa da kai. Ya kuma koya musu zuwa kan lokaci, wanda shi ne ya fi ba shi wahala. Yara sun shiryu a wurin nan, wannan ba mai iya musu a kai.

Dokoki biyu ne suka riƙe mu shekara da shekaru. Ta farko ita ce takunkumi. Ɗan katako ne mai haƙora da nake sassaƙawa, a ɗora shi a kan jakin kamanja, wato ɗan icen da ke ɗauke da tsirkiya, sai muryarta ta shaƙe. Da yake bangon siton na kwano ne, takunkumi kaɗai bai isa ba, sai Ustaz ya koya musu su riƙa jan izga kaɗan-kaɗan, kada a ɗora mata nauyin hannu. Doka ta biyu ita ce ƙwanƙwasa. Idan mai gadi ya ga baƙuwar fuska sai ya ƙwanƙwasa katakon ƙofa, nan take kowa ya tsaya cak, ya ɓoye abin kiɗansa, ya buɗe littafin makaranta. Ustaz yakan gwada su ba zato, ya ƙwanƙwasa tebur suna tsakiyar waƙa, wanda ya ƙara ko ja ɗaya ya sha faɗa.

A cikin yaran nan babu kamar Safiya. Tana ƙarama ta fara biyo yayanta, aka ba ta wata 'yar kamanja da na rage wa tsawo. Uwarta ɗinkin abaya take yi. Yayan ya daina zuwa, ita ta zauna, har ta kai ga kujerar farko. Mai kujerar farko shi ne shugaban masu kamanja, shi ke ba kowa sautin da za a daidaita tsirkiya, kuma hannunsa sauran suke bi. Ta riƙe kujerar nan shekaru a cikin sito, inda babu mai tafi sai mu da ɓeraye.

Sai zamani ya juya, ƙasa ta buɗe ƙofa ga kiɗa da wasanni. Abin da muke ɓoyewa jiya ya zama abin da ake nema da fitila. Wasu masu hannu da shuni suka ɗauki nauyinmu, suka mayar da mu unguwar Aziziyya, suka kawo Ustaz Nabil ya zama mudir, wato shugaba, mutum mai takardun karatun kiɗa. A ƙarƙashinsa akwai na'ibi, sai malamai, sai ni mai riƙe da sito. Ustaz Bukari kuma aka naɗa shi mai ba da shawara, muƙamin da ake ba mutumin da ba a shirin tambayarsa komai. Na tattara takunkuman nan na zuba a kwali, muka ɗauka shi ke nan, an wuce wurin.

Mudir ya sanar cewa za a yi wasan farko a bainar jama'a, kuma kowace kujera sai an yi mata jarrabawa, tsofaffin yara da sababbi duka ɗaya. Sababbin kuwa sun zo da yawa, 'ya'yan gidajen da suka iya ɗaukar wa yaro malami a cikin falo mai kauri. Akwai kuma sabuwar dokar shekaru: wanda ya kai ashirin ya fita daga firƙar matasa. Safiya tana da sha tara. Ko ta hau dandali a wasan nan, ko kuma har abada ba za ta hau a matsayin 'yar firƙar da ta girma a cikinta ba.

Ga yadda ake jarrabawar. Ana rataya labule don kada alƙalai su ga mai kiɗa, a shimfiɗa darduma don kada takun takalmi ya tona ko mace ce ko namiji. Mudir da malamai biyu suna zama can ƙarshen zaure. Mai kiɗa ba ya magana, kuma wanda ya tsaya a tsakiyar waƙa ya faɗi. Ni aikina in tsaya a bayan labule in duba tsirkiya in miƙa kayan kiɗa, bakina a rufe. Na yarda tsarin adalci ne. Abin da ya ƙona ni ke nan, don da zalunci ne da na san wanda zan zaga.

Yaran falo suka shiga suka cika zaure da ƙara, wani ma kamar ana yanka akuya, amma ana jinsa. Da Safiya ta ɗora izga sai na ajiye abin da ke hannuna na kasa kunne. Na daɗe ina jin kiɗanta, ban taɓa jin ta yi mai daɗin na ranar ba. Ina tsaye kusa da ita ina cewa a raina, yau dai an gama magana.

Sai muryar mudir ta taso daga nesa: "Arfa'is-sot. A ɗaga sauti."

Ta ƙara kaɗan, iyakar abin da hannunta ya sani. Shi kuma, don ya ƙarfafa wa mai kiɗa gwiwa, sai ya fara buga alƙalaminsa a kan katakon tebur yana bin tafiyar waƙar.

Kafin in ƙifta ido Safiya ta tsaya. Kamanja ta shige ƙarƙashin mayafi, idonta yana kan ƙofa, hannunta ɗaya yana laluben littafin da babu shi. Zaure ya yi tsit. Daga baya ta tuna inda take, ta juyo ta dube ni, ni kuma doka ta hana ni ko da cewa ci gaba.

"Shukran," in ji mudir. "Na gaba."

Bayan an tashi, ni da Ustaz Bukari muka same shi a ofis. Ustaz ya yi masa bayanin siton Khumra da mai gadi da ƙwanƙwasa. Mutumin ya saurara har ƙarshe, kuma na ga abin ya taɓa shi.

"Wallahi ban sani ba, ya Ustaz," ya ce. "Ma'alesh, a yi haƙuri. Zan karya doka sau ɗaya. A cire labule ta sake, amma ka zo ka zauna tare da ni a baya."

Haka aka yi. Safiya ta tsaya a tsakiyar dandali, ba labule, ba mai buga tebur, ta yi waƙar daga farko har ƙarshe ba kuskure. Ni ma na koma baya na tsaya jikin bango. Ina ganin hannunta yana tafiya, ina ganin kanta yana bin waƙar, amma abin da ke iso mana bai fi kukan sauro a ɗaki na gaba ba. Ustaz Bukari ya karkato da kunnensa, ya sa tafin hannu a bayansa. Duk shekarun nan bai taɓa sauraronta daga nesa ba, domin siton ba shi da nesa.

"Kana ji, ya Ustaz?" mudir ya tambaye shi a hankali.

Ustaz Bukari ya sauke hannunsa daga kunne. Sannan ya ce, "Yadda na koya mata take yi."

Mudir ya kira Safiya ya gaya mata gaskiya. Ya ce kunnenta ya fi nasa, yatsunta ba su da aibi, amma damtsenta bai san nauyi ba, kuma gyaran wannan aikin shekaru ne, ba na makonni ba. Ƙanana zai iya gyara su. Ita kuwa dokar shekaru tana bakin ƙofa, kuma ba shi ya kafa ta ba. Ya ce zai ba ta kujera a layin ƙarshe don dai ta hau dandali.

"La, shukran ya Ustaz," ta ce, da Hausarta mai gauraye da Larabci. "A can ba wanda zai ji ni. Kiɗan da ba a ji kuwa, halas, shi ke nan, na yi rabona."

Ranar wasa zaure ya cika. Wata yarinya daga cikin sababbi ta zauna a kujerar farko, kuma ba zan yi mata ƙarya ba, ta iya. Daga cikin manyan yaran Khumra babu ko ɗaya a layin gaba. Kafin a fara aka kira Ustaz Bukari kan dandali aka miƙa masa lambar yabo. Mai gabatarwa ya ba da tarihin firƙa, ya yi ta maganar haƙuri da juriya, sannan ya ɗaga takunkumi ɗaya da aka karɓa daga wurina ya nuna wa jama'a, aka yi ta tafi. Safiya tana tsaye kusa da ni a gefen dandali tana riƙe wa yara akwatunan kamanja. Raina ya ɓaci a ranar ɓacin da har yau bai gama sauka ba. An tafa wa katako, yarinyar da katakon ya cinye tana tsaye a gefe ba wanda ya san sunanta.

Washegari aka sa takunkumin a gilashi. Ustaz Bukari ya riƙa zuwa jefi-jefi, daga baya ya daina, kuma ba wanda ya lura don dama ba a tambayarsa komai. Safiya ta ɓace wata da watanni, sai ga ta ta dawo neman aikin koyar da ƙanana. Ita ce Ustaza Safiyar da kuka sani, wadda kuke ƙorafin ajinta ya fi kowane aji ƙara. Ita ce kuma aka gaya muku ranar da kuka fara aiki cewa ba a ƙwanƙwasa mata ƙofa, buɗewa kawai ake yi a shiga. Kun ɗauka iyayi ne. Yanzu kun san dalili.

Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma malamai suna son karin maganar nan kamar su suka ƙirƙire ta. Ni kafinta ne, na san sauran zancen da ba a faɗa: in ya bushe a tanƙware, a haka zai zauna, ko da abin da ya sa aka tanƙwara shi ya daɗe da wucewa. Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Yaro ba waƙa kaɗai yake ɗauka a wurinka ba, har tsoronka yake ɗauka ya ajiye a hannunsa. Masu zuwa daga baya kuma za su yaba maka tarihin, su sa shi a gilashi, amma kujera wanda ake ji za su ba.

Ba duka takunkuman na zuba a kwali ba, na ɓoye ɗaya a aljihun tebur. Wani lokaci idan an tashi yara da yamma, Ustaza Safiya takan shigo sito ta rufe ƙofa, ta kira ni da Ammu, wato baffa, ta ce, "Ammu Lawali, ara mini abin nan." In miƙa mata, ta ɗora shi a kan jakin kamanjarta ta zauna a kan kwali. Na taɓa ce mata ai yanzu ba mai hana ta, ta cire shi mana ta saki hannu.

"Na sani, Ammu," ta ce. "In na cire, ba na gane muryata."

Sai na ajiye gudumata na matso da kujera, don daga inda nake aiki ba a jin ta.