Hausar Anti Rifkatu

Har gobe ban manta da ranar Litinin ɗin da Dakta Bilkisu ta aika a kira ni ofishinta ba, ta ce in rufe ƙofa kafin in zauna. Ku da kuka shigo aikin nan kwanan nan, gani kuke in mutum ya iya danna rikoda ya iya cike fom, shi ke nan ya zama mai bincike. Ni ma haka na ɗauka, kuma a lokacin na fi kowannenku ji da kai. Bari in koma baya kaɗan don ku san abin da ya sa aka rufe ƙofar.

A lokacin ina mataimakin mai bincike a sashen ilimi na makarantarmu a nan Minna. Dakta Bilkisu ce shugabar aikin, ita ke tsara komai ta rubuta rahoto, mu kuwa mu ne masu yawon makarantu. Abin da muke nema shi ne mu ga yadda ake koyar da lissafi a firamare, da abin da malami kan yi idan yara suka kasa ganewa. Tsarin ba wuya. Za ka je da takardar izini, ka karanta wa malami takardar amincewa ya sa hannu, sannan ka zauna a bayan aji da rikoda, ba ka cewa uffan. In ka dawo ka kwafe duk abin da aka faɗa kalma bayan kalma. Ba a rubuta sunan malami, lamba ake ba shi. Makaranta ma harafi ake ba ta, sai dai kowane mai makaranta akan gaya masa nasa harafin don ya amfana da rahoton in ya fito.

Ni aka ba wata makarantar kuɗi a Sabon Gari. Mai ita, Alhaji Sabo, mutum ne mai fara'a, har lemon kwalba ya sa aka kawo mini. Amma tun daga ƙofa an rubuta da jan fenti cewa an hana banakula, wato duk wani yare da ba Turanci ba. Yaro in ya yi, ya durƙusa a rana. Malami in ya yi, na farko takardar gargaɗi, na biyu sallama.

Malamai huɗu na zauna a ajinsu. Biyu Hausawa ne, ɗaya Bayarabe da bai daɗe da zuwa garin ba, Hausarsa ba ta wuce sannu. Ta huɗun ita ce Anti Rifkatu, mai aji huɗu, 'yar kudancin Kaduna, wadda ke riƙe da gidanta ita kaɗai tun da mijinta ya kwanta ciwo.

Ranar farko Turanci ta yi tun daga fari har ƙarshe. Ta tambaya ko sun gane, yara suka amsa baki ɗaya sun gane, ni kuwa daga baya ina kallon idanunsu, na san ba abin da ya shiga. Amma da na duba littattafansu sai na ga abin mamaki: lissafin rabo, wanda ke kayar da 'yan aji shida, waɗannan yaran sun iya shi. Da aka fita tara na tare ta na ce, “Anti, ba haka kike koyarwa kullum ba. Me kike ɓoye mini?”

Ta waiga ta dubi ofishin Alhaji. Ta ce, “Malam, ni an riga an ba ni takarda daya. In an kara, aikina ya kare.” Haka take magana, irin Hausar da rabin Minna ke yi, ba lanƙwasa, mace da namiji duk “ya” ne.

Na zaro takardar amincewa na nuna mata inda aka ce ba za a bayyana kowa ba. Na ce, “Haba Anti, lamba ce fa za mu sa. Wallahi ko mijinki ya karanta ba zai san ke ce ba.” Na rantse, ku ji da kyau, ba wanda ya sa ni.

Washegari ta tura ƙofa, ta ja taga, ta ciro lemu daga jaka. Ta ce, “Idan Mama ya yanka lemu gida hudu, ya ba ka daya, ya ba Hauwa daya, nawa ya rage?” Ajin ya ɗauka. Yaran da jiya suka yi zuru, yau suna rige-rigen ɗaga hannu, har da masu gardama da juna. Sai da ta tabbata kowa ya kama, sannan ta rubuta a allo ta ba su sunan abin da Turanci. Ban taɓa ganin darasi mai kyau irin wannan ba, kuma har yau ban sake gani ba.

Na dawo na kwafe shi ina murna. Yadda ta faɗa haka na rubuta, “hudu” ba “huɗu” ba, “Mama ya yanka” ba “ta yanka” ba. Da Dakta Bilkisu ta zaɓi wannan wurin don sakawa a rahoto, sai ta tsaya ta ce, “Malam Nasiru, ba ma daidaita Hausar nan ba?” Ni kuwa uban iya, na ce, “A'a, ranki ya daɗe. Ƙa'ida ita ce a rubuta yadda aka faɗa. In muka taɓa, mun ɓata shaida.” Ta ce to. Da na rufe bakina a ranar, da ba na tsaye a gabanku ina wannan labarin.

Rahoto ya fito a ƙarshen zango, aka aika wa kowace makaranta nata kwafin. Mako biyu bayan haka ne aka kira ni ranar Litinin ɗin nan. Dakta ta ce, “Alhaji Sabo ya sallami malamarka.” Na ce, “Ta yaya? Ai lamba muka sa.” Ta juyo mini shafin kawai, ta ɗora yatsa a kan “Mama ya yanka”.

A ranar muka tafi Sabon Gari ni da ita. Alhaji ya karɓe mu da fara'arsa ta kullum. Dakta ta yi masa bayani cewa rahoton yabon malamar ya yi, kuma mun yi mata alkawari a rubuce. Ya ce, “Dakta, ku kuka yi mata alkawari, ba ni ba. Kun ce makarantata ce mai wannan harafi. Malamai huɗu kuka duba. Biyu ba sa cewa Mama ya yanka, ɗaya ba ya jin Hausa. To wa ya rage?” Na ce, “Alhaji, yaranta sun fi kowa iya lissafi.” Ya ce, “Na sani, Malam. Amma iyayen nan don Turanci suka kawo mini 'ya'yansu. In sun ji ana Hausa a aji, gobe su kwashe su kai makarantar da ke bayana.” Mun roƙa har muka gaji. Ina! Ya rako mu har mota yana mana godiya.

Dakta ta rubuta mata takardar shaida mai kyau, ni kuma na zaga makarantu uku da ƙafata ina nema mata gurbi. Masu makarantun kuɗi sun san juna, labarin ya riga ni isa ko'ina. Wani ma dariya ya yi ya ce, “Au, mai banakular nan?”

Sai da na yi kwana goma kafin na iya zuwa gidanta. Kunya ce, ba wani abu ba. Na same ta a tsakar gida tana wanki, mijin yana kwance a ɗaki ana jin tarinsa. Ta kawo mini kujera da ruwa kamar ba abin da ya faru, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Na ba ta haƙuri, na yi ta zuba bayanin ƙa'ida da shaida, ina ji da kunnena yadda maganar ba ta da daɗin ji. Ta bar ni har na gama. Sannan ta goge hannu a zani ta ce, “Malam, kai Bahaushe ne. Me ya sa ba ka gyara mini ba? Ko yaran ajina suna gyara mini.”

Na tashi na yi mata sallama. Ba ta sake komawa aji ba. Rahoton kuwa ya yi farin jini, an karanta wannan darasin nata a gaban manyan malamai aka yi ta tafi, ina zaune a ciki kaina a ƙasa.

Abin da nake so ku tafi da shi ke nan. A garin nan mutum bai buƙatar suna kafin a gane shi, bakinsa ya isa. Duk wanda zai karanta rahotonku a makaranta ya fi ku sanin malamansa, ya san muryar kowa. Kafin ku miƙa takarda, ku karanta ta da idon wanda ke da ikon korar mutumin da ya yarda da ku. Mu in mun yi kuskure, gyara za a ce mu yi a shafi na gaba. Malamin da ya buɗe mana ajinsa shi ne ke komawa gida ba aiki.