Bangon Ɗakin Haihuwa

A hoton da ke maƙale da rahoton farko, akwai farin tabo a gwiwar hannun baƙon da ya tsaya daga dama. Mutum biyar ne, sun jeru a gaban ƙaramin asibitin unguwarmu, kowa yana kallon mai ɗauka. Ban san hannu nawa fayil ɗin ya bi ba a ofishin ƙaramar hukuma, amma ban taɓa jin an yi maganar tabon ba. Na buɗe rahoto na biyu, wanda aka rubuta bayan shekara uku. Baƙin sun sauya, bangon yana nan fari tas, ga bakin bokiti ya leƙo daga gefe. A na uku babu bokiti, sai ƙafar wani mutum da hoton ya yanke, da ɗigon fenti a kan takalminsa. Na san takalmin. Na kawuna ne.

Wata huɗu ke nan da na fara aiki a lokacin. Ni ce mai rubuta abin da aka tattauna a zaman majalisa, aikin da ya dace da ni tun da ba ya bukatar in buɗe baki. Sakatare ne ya ce in haɗa masa duk takardun asibitin, domin majalisa za ta sake neman gwamnatin sama ta rushe ɗakin haihuwa ta gina sabo. Gini irin wannan ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Abin da take iyawa shi ne roƙo, kuma roƙon yana da hanyarsa. Kansiloli su zartar da ƙuduri, a buga wasiƙa a sa hatimi, Shugaban ƙaramar hukuma ya ɗebi mutane su tafi babban birni su yini a kan bencin ma'aikatar lafiya. In an dace a ga darakta, in an ƙara dacewa a turo masu dubawa. Abin da masu dubawa suka rubuta shi ke sa sunan wuri a jerin gaggawa ko a jerin jira.

Sau uku aka bi wannan hanya cikin shekara tara. Sau uku rahoto ya dawo da magana ɗaya: ginin yana da ƙarfinsa, zai iya jira.

Kawu wan mahaifiyata ne. A unguwa Birkila ake ce masa, har matarsa in ta yi fushi haka take kiransa. Yana da shekara sha biyar ya fara ɗaukar bulo a ka, daga nan ya koma kwaɓa siminti, har ya riƙe cokalin gini. Tafin hannunsa ya yi kaushin da in ya shafa kan jariri uwar takan ce a yi a hankali. Duk gidan da ya shiga, kafin ya gama amsa gaisuwa sai ya ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, ya karkata kai yana saurare. Masu gida sun saba. Wasu ma sukan ce, "To Birkila, me bangon ya ce?"

Shi ya gina ɗakin haihuwar, shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, lokacin da mutanen unguwa suka gaji da jira suka yi aikin da kansu. Wannan ya kawo yashi, wancan ya kawo buhun siminti. Rodi bai isa ba, filin kuma yana dab da magudanar ruwa. A ɗakin aka haife ni, a nan aka haifi 'ya'yansa bakwai. Daga baya ƙaramar hukuma ta ɗauke shi a sashen ayyuka, ya zama duk inda wani abu ya tsage shi ake kira.

Wannan karon tafiyar babban birni ta yi kyau. Shugaba ya dawo yana ta fara'a, ya shaida wa majalisa cewa masu dubawa za su zo ranar Laraba.

"Baƙonka annabinka," in ji shi. "Ba na son su zo su tarar da mu kamar marasa galihu. A share, a nome ciyawa. A gaya wa Birkila ya toshe abin da zai tosu, ya shafa fenti."

Wani kansila ya ce, "Ranka ya daɗe, a canja labulen ma. Na yanzu ko akuya ta gan shi sai ta kau da kai."

Aka yi dariya, aka amince. Ni kuwa na rubuta: an umarci sashen ayyuka ya gyara ɗakin haihuwa kafin zuwan baƙi. Fayil ɗin yana kan cinyata. Na ɗaga kai sau biyu, na mayar.

Bayan an tashi daga aiki na biya ta asibitin. Ungozoma tana wanke hannu a bakin famfo. Shekararta ashirin a wurin, kuma ba ta iya rage murya ba.

"Ke ce 'yar ƙanwar Birkila mai rubutu? Zo ki ga abin rubutawa."

Ta shigar da ni. Gado uku ne, duk an janye su zuwa tsakiyar ɗaki. A bangon da ke fuskantar magudanar ruwa, wani siririn layi ya taso daga ƙasa ya karkata har ƙarƙashin taga.

"Da damina har motsinsa nake ji," ta ce. "Mace tana naƙuda, ni ido ɗaya a kanta, ɗaya a kan bango. Daminar bara ƙofar nan ta ƙi rufuwa, sai da aka fere ta. Bangon yana zama, ƙofa tana matsewa. Amma ki bari Laraba ta zo ki ga amarya."

"Kin taɓa gaya wa baƙin?"

"Sau biyu. Su dubi bango, su dube ni, su yi murmushi. Gani ya kori ji, 'yar nan."

Na sami Kawu a tsakar gida yana kankare busasshen siminti daga jikin kwanon kwaɓi. Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, Mai Digiri ce da kanta? Yau gwamnati ta zo gidana."

Na miƙa masa hotunan kawai, domin maganar da na shirya a hanya ta gudu. Ya goge hannu a jikin wando, ya nisanta su da idonsa yana dubawa.

"Aikina ne. Kin ga ko layi ɗaya? Wannan na tsakiyan kwana biyu na yi a kansa."

"Kawu, shi ya sa ba sa ba mu."

"Me?"

"Suna zuwa ganin tsaga ne. Sai su tarar babu."

Na karanta masa layin ƙarshe na kowane rahoto. Ya saurara har na gama, sannan ya ajiye hotunan a kan tabarma, fuskarsu ƙasa.

"Wato ni na hana."

"Ban ce haka ba, Kawu. Umarni ake ba ka."

"Ko ba a ba ni ba zan yi. Ke yanzu in baƙo zai zo gidanku, uwarki barin tsakar gida take yi da shara? Mutum ya zo daga nesa, ka kai shi ka nuna masa tsiraicinka? Kuma wa ya gina? Duk wanda ya ga bangon nan a buɗe, abin da zai fara tambaya ke nan. Shekara arba'in ina aikin nan, ba a taɓa cewa ginin Birkila ya faɗi ba."

"Ungozoma ta ce tana jin motsinsa."

Ya ɗauki kwanon ya ci gaba da kankarewa. Da na miƙe zan tafi ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Na gaya wa mutanen unguwa tun ranar da ake haƙa harsashi. Na ce a ƙara zurfi, a jira rodi. Suka ce damina ta kusa, mata suna haihuwa a hanya. Na yi shiru na ɗora bulo."

Ranar Talata na wuce ta wurin da safe, na hango shi a kan tsani. Ya toshe, ya shafe, yana bi da fenti. Na sunkuyar da kai na wuce kamar ban gan shi ba, shi ma bai kira ni ba.

Baƙin suka iso Laraba da hantsi, mutum huɗu a mota ɗaya. Shugabarsu injiniya ce, mace mai tabarau da ba ta da yawan magana. An nome ciyawa, an rataya sabon labule, an mayar da gadajen jikin bango yadda ɗakin zai yi faɗi. Warin fenti ya danne warin magani. Shugaba ya yi jawabi a kan wahalar mata da nisan babban asibiti, kuma gaskiya ya faɗa. Injiniyar tana gyaɗa kai tana kallon bango. Ina tsaye a bayanta da littafina, na ga inda bakin alƙalaminta ya nufa a takardar. Layi na biyu ne, na jira.

Kawu yana bakin ƙofa da jakar kayan aikinsa a kafaɗa. Ba a gayyace shi ciki ba.

"Ranki ya daɗe," ya ce. "Kafin ki rubuta."

Shugaba ya juyo. "Birkila, lafiya? Ana magana da baƙi."

"Ka gafarce ni, ranka ya daɗe."

Ya cire takalmi ya shigo. Ya ce da Ungozoma ta kama masa, suka janye gadon da ke ƙarƙashin taga. Ya ƙwanƙwasa bangon daga can gefe, bangon ya amsa da ƙarfi. Ya matso taku biyu ya sake ƙwanƙwasawa, sai ya yi ƙara irin ta tulun da babu ruwa. Injiniyar ta sauke takardarta.

Ya zaro guduma. Bugu uku ya yi. Filastar jiya, wadda ba ta gama bushewa ba, ta ɓallo ta faɗi, ta jawo ta shekarun baya a bayanta, fari a kan fari. Ya sa hannu cikin ramin ya fara zaro tsofaffin buhunan siminti da ya cusa, ɗaya bayan ɗaya, wasu sun ruɓe sun yi baƙi. Da ya zaro na ƙarshe ya ƙara bugu ɗaya, sai hasken rana ya shigo ta tsagar ya kwanta a kan daɓe. Hannunsa ya shige har gwiwa.

"Ni na gina shi," in ji Kawu. "Harsashin bai kai ƙasa mai ƙarfi ba, kuma babu rodi a wannan kusurwa. Ni na rufe shi duk zuwan da mutanenku suka yi. Jiya ne na huɗu."

Injiniyar ta durƙusa, ta haska ramin da fitilar wayarta, ta daɗe tana dubawa. Ta fita ta zagaya ta baya, ta dawo da laka a takalminta.

"Baba, wa ya sa ka rufe?"

Shugaba ya gyara tsayuwa. Kawu bai dube shi ba.

"Kunya, ranki ya daɗe."

Injiniyar ta ce kada a ƙara kwantar da kowa a ɗakin daga wannan rana. Ta ɗauki hotuna, ba ta ce kowa ya jeru ba. Da za su tafi Shugaba ya raka su har mota yana ta ban haƙuri, ita kuma tana cewa ba ta ga abin haƙuri ba. Ya dawo fuskarsa a ɗaure, ya tsaya a kan Kawu.

"Ka kunyata mu, Birkila."

"Kaina na kunyata, ranka ya daɗe."

Ungozoma ta ce, "To a raba kunyar, a ba ni kasona in ajiye. Ni dai yau zan yi aiki da ido biyu."

Bayan wata biyu takarda ta zo, ni na buɗe ta. Sunan asibitinmu yana jerin gaggawa, na huɗu daga sama. Shugaba ya karanta ta a gaban majalisa, aka yi tafi, na rubuta cewa an yi. Har yau da nake wannan rubutu ba a sauke bulo ko ɗaya ba, kuma an sake zuwa babban birni sau biyu don tuni. Mata suna haihuwa a ɗakin ajiyar magani, mai cin gado biyu da ƙyar. A unguwa kuma labarin ya zaga yadda labari ke zagawa. Wani mai shago da ya yi wa Kawu maganar katanga ya nemi wani birkilan. Yanzu in Kawu ya shiga gidan mutane yakan gaisa ya zauna, hannunsa a kan gwiwa.

A ranar Larabar dai, bayan kowa ya watse, shi da Ungozoma suka kwashe gadajen zuwa ɗakin ajiya, ni ina riƙe musu ƙofa. Da suka ajiye na biyun sai ya ga yana rawa, ƙafa ɗaya ba ta taɓa ƙasa. Ya fita ya samo guntun katako, ya zauna a bakin baranda ya fere shi da wuƙa, ya dawo ya cusa a ƙarƙashin ƙafar. Ya danna gadon da hannu biyu, ya ga ya zauna daram. Sannan ya tambayi Ungozoma inda take ajiye tsintsiya.