Safata a Kan Gudumar Kafinta

'Yan aji, ku ji inda na tsinci safata yau!

Tun safe nake neman ƙafa ɗaya ta farar safar makaranta, ga shi gobe Malama za ta duba kayan makarantarmu. Na duba igiyar shanya, na duba ƙarƙashin gado. Wallahi na gaji!

Sai na leƙa falo, inda kafintan da Baba ya ɗauko daga Azare yake manna katako a ƙasa. Ga safata sanye a kan gudumarsa ta roba, duk gam!

Kunya ta hana ni magana, sai na nuna da yatsa.

Ya ce, "Baƙar roba tana ɓata farin katako, shi ya sa na rufe ta."

Ya ƙara bugu biyu, ya ɗago.

"'Yar Alhaji, wannan ta huje. Ina ɗayar?"