Shekarar da Tasi'u Ya Ƙi Hawa Soro

Tasi'u magini bai tara komai a duniya ba, amma a unguwarsu a Haɗeja da wuya ka nuna soron ƙasar da hannunsa bai taɓa ba. Zauren gidansa shi da mahaifinsa suka gina. Kowace bazara sai ya hau ya sabunta yaɓe, ya share indararo don ruwan rufi ya samu hanya. Ko shekarar da kogi ya shigo har gindin dakali, zauren bai motsa ba.

Ɗansa Misbahu yana saro tayil daga ƙasar Sin. Wata dawowa ya zauna kan dakalin yana nuna wa abokansa hotunan tsofaffin gine-ginen can a waya.

"Wannan bakin rufin da ya lanƙwashe sama, feyan suke ce masa. Katakan da suka tallafe shi kuma dogung."

Tasi'u ya ɗaga sanda ya nuna kusurwar zaure. "Wancan na samanka fa?"

"Ƙahonnin nan, Baba?"

"Ƙaho! Saniya na gina? Ka haye teku ka haddace sunan rufin wasu, zankon gidan ubanka ka ce ƙaho?"

Abokai suka tuntsire. Misbahu, don kunya, ya ce ai ginin ƙasa zamaninsa ya wuce.

Nan Tasi'u ya ce ba zai ƙara hawa soron ba, mai dogung ya hau. Matarsa Barira ta yi ta fama: "Malam, hadari fa ya fara haɗowa. Da yaron kake fushi ko da bango?" Ya yi mata banza. Da idonsa ya ga tattabaru sun toshe indararo da sheƙa, ya kau da kai, yana jira Misbahu ya zo ya tambaya. Shi kuwa kullum ta ƙarƙashi yake wucewa, bai ma san akwai abin dubawa ba.

Ruwa ya kwanta a rufi har azara ta kasa ɗauka. Wani hantsi zauren ya rufta, Allah ya sa ba kowa ciki.

Misbahu ya rugo yana cewa zai sayo kwano. Tasi'u na tsaye cikin ɓaraguzai, ya rasa wanda zai fara zagi, ɗan ko kansa.

"Kwanon banza! Cire takalman nan, shiga ka taka min ƙasa mu sake gini."

Misbahu ya naɗe wando ya shiga. Barira ta dire musu tulun ruwa da ƙarfi, ta ce, "Sai yanzu."